Filta Mai Hawa Uku

Ranar da tsohuwar filtar tankin kifin Yaya ta yi tari sau biyu ta mutu, da Yaya na da sa'a da ƙaninta ba ya gari. Amma ina, yana nan zaune a kujerar masu jiran gwajin ido, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana karanta allon haruffa da ƙarfi don kowa ya san shi idonsa garau yake.

Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa, har ya sa Tela ya ɗinka masa sunan da jan zare a bayan rigar aiki. Mai gyaran famfo ne. A layin shagunan nan babu wanda bai ɗanɗana aikinsa ba. Shi ya gyara wa Tela banɗaki, har yau in Tela ya ja ruwa, famfon Mai Gyaran Waya ne ke zuba. Da suka yi ƙorafi sai ya ce tsarin zamani ne, su ne ba su waye ba.

Tankin kuwa ba na wasa ba ne. Gilashi ne da ya fi tsawon mutum a kwance, ya cinye bango guda a shagon tabarau na Yaya. Marigayi mijinta ne ya kafa shi, ya zuba kifaye dangin karfasa amma masu launi, shuɗi da rawaya da masu zane-zane, ga ci, ga kashi daidai da cin, ga tonon yashi da faɗa. Shekara uku da rasuwarsa, cikin waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannunsa saura ɗaya tal, wata shuɗiya da ya sa wa suna Gimbiya. Yau kwana goma sha tara Gimbiya ba ta ci komai ba, ta maƙale a bayan dutse da haɓa a kumbure. Yaya ta san dalili, don yana rubuce a takardar da Marigayi ya liƙa a jikin kabad ɗin da tankin ke kai: idan mace ta daina ci bakinta ya kumbura, 'ya'ya ne a ciki, a bar ta sati uku kada a firgita ta. A ƙasan wannan ya rubuta, kada a wanke soson filta da ruwan famfo. Tun da ya rasu wannan ne karo na farko da Gimbiya ta ɗauka, kuma Yaya ta ƙwallafa rai a kai fiye da yadda take iya faɗa wa kowa.

Don haka ba ta yi wata-wata ba ta kira Mai Kifi, matar da ke sayar da kifin ado da kayansa. Mai Kifi ta zo, ta zagaya tankin, ta buɗe akwatin tsohuwar filtar ta leƙa.

"Hajiya, irin waɗannan ƙaramar filta ba ta riƙe su. Akwai wata kamar tukunya mai murfi, a cikin kabad ake ajiye ta, tana jan ruwa a hankali tana mayarwa. Biyu za ki sa, in ɗaya ta tsaya ɗaya na aiki. Sai mu ɗaura raga a bakin bututu saboda yashi da ƙananan da ke tafe. Amma babban abin shi ne wannan tsohon soson, yadda yake za mu mayar da shi cikin sabuwar."

Injiniya ya taso ba wanda ya kira shi. Ya sa yatsa biyu ya ɗago soson, baƙi-baƙi, mai yauƙi, yana ɗiga.

"Wannan? Malama, wannan ko a kwata na tsinto shi sai na wanke hannu sau bakwai."

"Dauɗar da kake gani ita ce filtar," in ji Mai Kifi. "Akwai ƙwayoyin halitta a ciki, su ke cinye gubar kashin kifin. Injin tura ruwa kawai yake yi."

"Ƙwayoyi! Kun ji da bakinta ko? Ƙwayoyin cuta take kiwo a shagon Yaya. Shekararki nawa a harkar ruwa?"

"Sha biyu."

"To ni a ruwa aka haife ni."

"A gadon asibiti aka haife ka, Auta," in ji Yaya. "Ina tsaye a bakin ƙofa. Ajiye soson nan."

Babu abin da ya tsana irin a ce masa Auta a gaban baƙi. Ya ajiye soson, ya duƙa ya ƙura wa Gimbiya ido ta gilashi, ya girgiza kai irin na likitoci.

"Ga shaida nan. Ƙazanta ta sa mata hangum."

Mai Kifi ta koma kan aikinta. Ta jona wani ɗan injin iska mai fitar da kumfa, ta ce zai riƙe su zuwa gobe, Hajiya ta zo da safe ta zaɓi filta da idonta, su dawo tare su haɗa.

Ko awa ba a yi ba wayar Yaya ta yi ƙara. Inna ce, mahaifiyarsu, kuma ba sai an tambayi wanda ya kai mata rahoto ba.

"Yanzu a ce kina da injiniya a gida ki kira bare? So kike a ce ƙaninki bai iya ba?"

"Inna, ai ba sai an ce ba."

"Ki ba shi dama, na ce."

Yaya ta sassauta iya nan kawai: gobe ya buɗe shagon ya share, in sun dawo da filta ya taya su riƙe bututu. Kada ya taɓa soso, kada ya kusanci Gimbiya. Ta faɗa sau biyu, a hankali, da Hausa mai kyau. Abin da ya shiga kunnen Injiniya shi ne aikin duka nasa ne.

Da safe, Yaya na karya kwana za ta wajen Mai Kifi, sai ga shi da baro. A ciki akwai duro uku na roba, buhun gawayi, buhun tsakuwa, rabin tsohuwar katifa, da injin da ake tura ruwa da shi zuwa tankin saman bene. Tela ya leƙo da allura a baki.

"Injiniya, gini za a yi?"

"Tarihi za a kafa. Filta mai hawa uku. Ruwa ya hau sama ya bi ta tsakuwa, ya sauko ta gawayi, ya ratsa katifa, ya koma tanki. In na gama, ruwan nan za ka iya sha."

"Kai za ka fara."

Aikin farko da ya yi shi ne kawar da abokin gaba. Ya juye akwatin tsohuwar filtar gaba ɗaya cikin bokiti, soso da ruwansa da laka, ya ɗebo ruwan tanki ya ɗauraye akwatin ya ƙara a kai. Ya cire ɗan injin iskan Mai Kifi ya jefa a aljihu, wai abin wasan yara ne. Ya fito da bokitin ya dire a ƙofar Tela.

"Me ka ajiye min?"

"Shara."

Tela ya tura bokitin da ƙafa zuwa ƙofar Mai Gyaran Waya. Mai Gyaran Waya ya turo shi ya dawo. Suka yi ta yi har bokitin ya tsaya a daidai iyakar shagunan biyu, kowa ya rantse ba shi zai zubar ba. Haka ya zauna a inuwa, babu mai taɓa shi.

Injiniya ya kwashe tabarau daga kantar da ke gefen tankin ya tara su a kan kujera, ya jera durorinsa hawa-hawa a kan kantar da aka yi don ɗaukar abin da bai fi nauyin cokali ba. Ya zura bututu mai kaurin damtse cikin tankin. Raga kuwa, ya ce raga ta matsorata ce. Da ya gama ya fita ya kira jama'a, Tela da Mai Gyaran Waya da wasu mutum huɗu da suka zo karɓar tabarau, har da wani dattijo mai sanda. Ya ce wa Mai Gyaran Waya ya ɗauke shi bidiyo, ya tabbata rubutun bayan riga ya fito.

"Jama'a, ku shaida. Yau za ku ga bambancin mai sana'a da mai sayar da kwali."

Ya danna makunni.

Injin ya yi gurnani har tabarau suka fara rawa a kan kujera. Ruwa ya hau, ya ɓace a duron sama, aka ji yana kokawa da tsakuwa, can sai ya fito ta ƙasa da ƙarfi. Baƙi ƙirin ya fito, don Injiniya bai wanke gawayin ba. Kafin a ƙirga goma tankin ya koma kamar an wanke tukunya a ciki.

"Injiniya, an ɗauke wa kifin wuta," in ji Tela.

"Magani ne ke shiga jikinsu. Ku ba shi minti biyar."

Dattijo mai sanda ya cire tsohon tabaransa ya goge, ya mayar, ya ce lallai gara da ya zo yau, idonsa ya ƙara lalacewa, ko kifi ɗaya ba ya gani.

Can aka fara ganin kifin, amma ba yadda aka saba ba. Wucewa suke ta gaban gilashi ɗaya bayan ɗaya, wani a kife, wani da wutsiya a gaba, kamar kaya a injin wanki. Wani babban mai rawaya ya zo ya manne a bakin bututu, ya kasa gaba ya kasa baya. Injiniya ya zura hannu har kafaɗa ya ɓamɓare shi.

"Motsa jiki ne. Kifin Yaya sun yi ƙiba, zama ya yi musu yawa."

"Ita mai hangum ɗin fa?" in ji Mai Gyaran Waya.

Nan Injiniya ya tuna gargaɗin da Yaya ta yi masa sau biyu. Ya leƙa bayan dutse bai ga komai ba sai baƙi. Bai samu damar leƙawa da kyau ba, saboda mahaɗar bututu ta fara feshi, tana wanke allon haruffa tun daga babban harafin sama. Ya laluba aljihu babu abin naɗi. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan takardar da ke jikin kabad. Ya fizge ta, ya naɗe mahaɗar da ita, ya ɗaure da roba.

"Kai, wannan ba rubutun Marigayi ba ne?" in ji Tela, kuma wannan karon ba da wasa ya faɗa ba.

"Dokokin tsohon zamani ne. Yau sun yi amfani."

Sai kuma aka lura ruwan tankin yana ja baya. Durori uku suna sha, katifa tana riƙewa, abin da ke hawa ya fi abin da ke saukowa. Ruwa ya sauka taƙi guda, ya ƙara wani. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa inda ruwan ya tafi. Injiniya tiyo ya jawo daga famfon banɗaki ya cika tankin har baki. Ruwa ya sake ja baya, ya sake cikawa, yana yi yana bayani ga bidiyo cewa wannan shi ake kira daidaita ma'auni.

Duk wannan lokaci guguwar da ke cikin tankin tana tayar da yashin da kifin suka yi shekaru suna tonawa, bututu kuma yana haɗiya. Muryar injin ta canza, ta koma kamar ana niƙa ƙashi. Wani wari ya tashi.

"Injiniya, injinka na ƙauri."

"Sabo yake yi da aikin."

"Hayaƙi fa yake yi!"

"To ai ba sai ka yi ihu ba."

Ya kashe. Shagon ya yi tsit, ya juyo yana murmushi zai ce wani abu. Sai aka ji ƙulu-ƙulu daga sama. Duk ruwan da durori uku suka ɓoye ya kamo hanyar gida, ya tarar da tankin da aka riga aka cika har baki sau biyu. Baƙin ruwa ya tumbatso ta ko'ina, ya sauko ta jikin kabad, ya bi ƙafafun jama'a. Wata mata ta ɗage zani ta haye kujera, ta zauna a kan tabarau.

"Kunna! Kunna ya koma sama!" in ji Mai Gyaran Waya.

Injiniya ya danna, injin ya ce ƙyas ya yi shiru. Ya ruga ya toshe bakin bututu da tafin hannu, ruwa ya fito ta hannun rigarsa. Ya saki ya rungumi duron ƙasa, wai zai karkata shi baya. Kanta dama tun ɗazu take kuka babu mai sauraro. Ƙusa ta farko ta fita, ta biyu ta bi ta, duron sama mai cike da tsakuwa ya sunkuyo a hankali kamar zai gaida jama'a, ya sauka a kan kusurwar tankin.

Ƙarar ba ta da yawa. Tsaga ce ta gudu daga sama zuwa ƙasa, sannan gefen gilashin ya buɗe. Ruwan da Marigayi ya yi shekaru yana lallaɓawa ya fita ta ƙofa a minti ɗaya, ɗauke da tabarau da gawayi da guntayen katifa da kifi, ya karya kwana ya shiga shagon Tela kamar an aike shi.

"Yadina! Farin yadin mutane!" Tela ya yi ciki da gudu, ya fito da kifi mai zane-zane a hannu ɗaya, yadi mai zane-zane a ɗaya hannun. "Wannan jiya fari ne!"

Layin gaba ɗaya ya fito. Mutane na bin kifi a kan siminti da faranti da murfin kwano. Mai Gyaran Waya ya hau benci, bai daina ɗauka ba. Injiniya na zaune a tsakiyar shagon a cikin laka, rabin katifa a cinyarsa, yana cewa, "Laifin kafinta ne. Duk wanda ya kafa kantar nan bai san aiki ba."

A haka Yaya ta iso, ita da Mai Kifi, kowace da kwali a hannu.

Yaya ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ajiye kwalin a kan benci, ta cire takalmi, ta bi ta gefensa kamar buhu ne aka yar. Ta duƙa a gaban abin da ya rage na tankin. Baƙin ruwa ne da bai fi zurfin tafin hannu ba. Ta zura hannu biyu a bayan dutse tana lalube. Can ta ɗago da Gimbiya, shuɗinta ya dushe, tana numfashi da ƙyar, amma bakinta a rufe gam.

"Ina zan sa ta?"

Wani ya miƙo roba da ruwan famfo. Mai Kifi ta ture.

"Wannan da maganin famfo a ciki, zai ƙona ta. Sauran zan ɗiga musu magani a roba su jira, amma ita ruwan da ta saba take so, yanzu-yanzu. Ina tsohon soson?"

Injiniya ya dubi sama. Tela ne ya nuna da haɓa.

"Ga sharar can. Ni da maƙwabcina muna ta gadinta tun safe."

Aka kawo bokitin. Lakar ta kwanta, ruwan sama ya yi garau. Yaya ta saki Gimbiya a ciki. Mai Kifi ta miƙa wa Injiniya hannu ba tare da ta dube shi ba, shi kuma ya zaro ɗan injin iskan daga aljihu, abin wasan yara, aka jona a shagon Mai Gyaran Waya. Kumfa ta fara tashi.

Suna jira ne idon Yaya ya kai jikin kabad, inda babu komai sai tabon gam. Ta bi bututu da kallo har ta ga abin da aka naɗe mahaɗa da shi. Ta warware robar. Takardar ta zama dusa, tawada ta narke, ko harafi ɗaya na hannun mijinta bai rage ba. Ta riƙe ta a tafin hannu.

"Hajiya, duba," in ji Mai Kifi a hankali.

Gimbiya ta lafa a jikin tsohon soson. Ta buɗe baki kaɗan, wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ya fito, sai wani, sai wasu, har suka yi gungu a gabanta, sun kai talatin, kowane yana kaɗa wutsiya. Yaya ta sa bayan hannu ta share ido.

Ganin fuskoki sun saki, sai Injiniya ya ji ƙarfinsa ya dawo. Ya miƙe yana ɗiga, ya kutsa cikin mutane.

"Kun gani ko? Girgizar injina ce ta sauƙaƙa mata! Da an bar ta da ƙazantar nan da har yanzu tana fama. Ɗauko wannan a bidiyo, ɗauko ni da su."

Ya sunkuya a kan bokitin da baki buɗe. Inuwarsa na faɗawa kan ruwan, ƙananan nan suka juya gaba ɗaya suka ruga, Gimbiya ta kwashe su tas ta rufe bakinta.

Dariyar da aka yi har dattijo mai sanda sai da ya zauna. Yaya ce kawai ba ta yi ba.

"Auta, matsa daga kanta. Ka dube ta da kyau kafin ka matsa. Kwana ashirin bakinta a rufe, ba ci ba sha, ta raya talatin. Kai rabin yini ka buɗe naka, ka rushe abin da mutum ya bar min. Ba ni makullina."

Ya laluba ya ba ta. Tela ya zagayo bayansa da ɗan almakashi, yana duba jan zaren nan, yana cewa shi ya ɗinka, shi ya san inda zai kama ya warware.

Sai wayar Injiniya ta yi ƙara a aljihun sama, inda ruwa bai kai ba. Inna ce.

"Ɗauka mana," in ji Yaya. "Tana so ta ji yadda aka ba ka dama."

Injiniya ya riƙe wayar yana kallo. Ta yi ƙara har ta gaji ta katse, bai buɗe baki ba.